Abin da Ke Bayan Filasta

Ƙusa 'yar inci huɗu ce ta rushe mana lissafin da muka shafe wata uku muna yi.

Gidanmu na gado yana nan cikin Sabo. Ko ba ku san shi ba kun san irinsa: zaure, ɗakuna a jere dama da hagu, rijiya a tsakar gida, kwanon rufi ya yi ja da tsatsa kamar sauran rufin Ibadan. Kakanmu ne ya gina shi da kuɗin goro, a nan yake saukar da fatakensa. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka zauna mu bakwai, maza uku mata huɗu. Gidan ba ya rabuwa, sayarwa kuma ba mai so. Sai babban yayanmu ya kawo shawara: a cire kwano, a zuba dekin, a ɗora ɗakuna shida a sama a ba da haya, a fasa shaguna biyu ta bakin titi, kowa ya samu abin da zai riƙa shigo masa duk shekara. Muka yi na'am. Ni ma na fi kowa zumuɗi, don biro da takardar a hannuna suke.

Ranar da za a yi kiyasin kaya muka kira wani dattijon birkila, Bayarabe, wanda ya daɗe yana yi wa mahaifinmu aiki. Ya zagaya gidan bai ce komai ba. Can ya ciro ƙusa daga aljihu ya kankare filasta a kusurwar zaure. Ɓawon simintin bai kai kaurin yatsa ba, bayansa kuwa jar ƙasa ce. Ya wuce ɓangaren baya, wanda aka ƙara daga baya da bulo, ya soka ƙusar, ta shige ba gardama, yashi yana zubo masa a takalmi. Ya dubi Yaya ya ce, da Hausarsa ta mutumin da ya tsufa a bakin Sabo, “Alhaji, wannan bango kwano zai ɗauka. Ba zai ɗauki mutane ba.”

Injiniyan da muka nemo daga baya bai faɗi abin da ya saɓa wa na Baba ba, sai dai shi ya sa masa lamba. Kankare mai kaurin inci shida a kan ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, nauyinsa ya haura tan huɗu da rabi. Wato kamar ka jibge buhun siminti sama da 90 a kan ɗaki guda, tun kafin a ɗora bangon sama, da gadaje, da jarkokin ruwa, da mutane. In ana son bene, in ji shi, sai an haƙa an tayar da ginshiƙai sababbi daga ƙasa, kowane da nasa tushe, su ɗauki dekin ɗin, tsohon bango ya zama labule kawai. Kuɗin ya kusa ninka abin da na rubuta a takardata.

Daga nan ne gardama ta tashi a gidanmu, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro yau. Yaya ba mugun mutum ba ne, kowa a layinmu zai shaida. Abin da ya ce shi ne abin da yawancinmu muke cewa: gidaje nawa aka yi wa haka a unguwar nan, ga su nan tsaye? Injiniya dole ya kumbura magana don ya ci abinci. Mu sa rodi daidai ƙarfinmu, mu zuba, Allah ya tsare. Tambayar da ta tsaya mini a wuya tun ranar ita ce: shin mutum yana da ikon yin tsimi a wurin da ba mai gani, alhali wanda zai kwana a ƙarƙashin tsimin ba shi ba ne?

Ina ganin siminti ya sauya mana wani abu a ɗabi'a ba mu lura ba. Wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Kano ko Zariya ya san ginin ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa. Tubali da azara ne, kowace shekara kafin damina sai an duba indararo, an yi yaɓe, an shafe soro da makuba ko laso. In aka yi sakaci, ruwan farko zai tona asiri, maƙwabta su gani, maigida ya ji kunya. Maginin kuma sananne ne, gadon gidansu ne, ga Sarkin Magina a kansu, 'ya'yansa suna wasa da naka. In katangarsa ta zube a shekarar farko, sunan gidansu ne ya zube. Siminti kuwa mai rufa asiri ne. Bulon da aka buga da gaskiya da wanda aka buga da ha'inci, in an shafe su da filasta an yi fenti, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya a ido. Za su yi shekara biyar, goma, sha biyar suna kama da juna. Ranar da bambancin zai fito, mai bulon ya tashi daga wurin, birkilan ya koma Legas ko ya rasu, mai gidan ma wataƙila ya sayar.

Kuma ha'incin ba wani babban abu ba ne da za a ce an yi taro an ƙulla. Ƙanana ne. Ƙa'idar kankaren da aka fi yi wa dekin da ginshiƙi ita ce ɗaya, biyu, huɗu: a ma'aunin magina, buhu ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Sai a ƙara kwano biyu na yashi, wa zai ƙirga? Leburori su ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saukin ɗiba da zubawa, alhali yawan ruwa a kwaɓi shi ne babban abin da ke kashe ƙarfin kankare. Inda aka ce rodi mai milimita 16, a sa mai 12, a kuma buɗa tazarar da ke tsakaninsu. A kwantar da rodin a kan katako ba a ɗaga shi ba, kankare bai lulluɓe shi ta ƙasa ba, damshin Ibadan ya same shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Mai tifa ya kawo yashi mai laka. A sayi simintin da ya daɗe a ajiye har ya fara dunƙulewa saboda an rage naira ɗari biyar. Sai kuma wanda ya fi ba ni mamaki da na ji shi: ashe siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke sa shi ƙarfi, shi ya sa ake son a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi sai ya kwana 28 yake kaiwa. Mu kuwa a nan, kwana goma an cire gorar da ta tokare dekin saboda kafinta yana da wani aiki a Mokola. Bayar da ruwan nan kusan kyauta ne, amma shi aka fi yi wa rowa, don ba ya nuna komai a ido.

To, tsimi iri biyu ne, kuma a nan nake ganin maganar take. In na ƙi sa tayil na bar daɓen siminti, na sa ƙofar katako maimakon ta ƙarfe, na yi fenti mai araha, ɗan haya zai shigo ya gani da idonsa. Ya ce ɗakin bai kai kuɗin ba, mu yi ciniki, ko ya tafi wani gidan. Wannan tsimi halal ne, ba wanda aka zalunta, araha ce aka saya da sani. Amma rodin da na rage a cikin dekin, ɗan haya ba shi da hanyar ganinsa. Kuɗin da zai biya bai ragu ba, don ɗakin yana kama da kowane ɗaki. Abin da na rage ya shiga aljihuna, haɗarin kuma ya hau kansa da na matarsa da 'ya'yansa, ba a tambaye su ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A harkar gidan haya karin maganar nan ba ta aiki: mai jan ruwan yana can wani gida a bushe.

Duk wanda ya zauna gaban malami a unguwar nan ya ji labarin mai sayar da hatsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincinsa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawata masa a kan me ya sa bai fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani ba. Mun san hukuncin algus sarai. Mu jikokin 'yan goro ne, mun san abin da ke samun wanda ya jera manya a saman huhu ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Ɗan canjin da ya saka takarda ɗaya ta jabu cikin bandir ba zai ƙara mako a bakin titin Sabo ba. Kasuwancinmu gaba ɗaya a kan amana ya tsaya sama da shekara ɗari, tun da aka kafa unguwar a 1916. Amma mutumin nan da ba zai taɓa cutar ka da dala ɗaya ba, shi ne zai tsaya a kan mai bulo yana cewa a ƙara masa guda goma a kowane buhu. Na daɗe ina tunanin dalili, kuma amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Algus ɗin goro gobe ake gane shi, na kankare sai bayan shekaru. In haka ne, wani kaso na gaskiyar da muke alfahari da ita tsoron kamu ne kawai. Ban cire kaina ba. Da Baba ya tafi ranar nan, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, da ma ba mu kira shi ba.

Akwai kuma wata mafaka da kowa ke shiga, wato yawan hannu. Mai bulo ya ce abin da aka biya shi ya buga. Birkila ya ce buhu 40 aka ba shi a aikin buhu 60, in ya ƙi wani zai karɓa, kuma yana da iyali. Lebura ya ce shi ɗan ɗauka ne. Mai gida ya ce shi ba magini ba ne, me ya sani? Kowa ya ɗebi kaɗan, ba wanda ya ɗebi abin da zai kashe mutum shi kaɗai. Sai a ɗauka alhaki yana rabuwa kamar gado, wannan sudusi wannan sumuni, har ya zama rabon kowa bai kai a damu ba. Ni ban yarda ba. Kowa yana da nasa, amma mafi nauyi yana kan mai riƙe da jaka, don shi ne kaɗai a cikinsu yake da ikon cewa a tsaya, kuma shi ne zai yi shekara ashirin yana karɓar haya bayan sauran sun ci kuɗin aikinsu sun manta. Cewa “ban sani ba” tana da amfani ga wanda bai samu mai gaya masa ba. Wanda ya ƙi kiran injiniya don kada ya ji abin da ba ya so, ya riga ya sani.

Da na matsa wa Yaya sai ya ce, “Kai dai ka cika tsoro. Wanda kwanansa ya ƙare ko a gidan ƙarfe yake sai ya tafi.” Gaskiya ne, ajali ba ya jira. Amma na ce masa, “Yaya, kwaɗo uku ne a ƙofar shagonka.” Ba mu taɓa barin dukiyarmu ga ƙaddara ba tare da mun ɗaure ta ba, sai ran wani ne muke sakin wa ƙaddara. Malaman fikihunmu ma ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sun yi magana a kan katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita, yana da lokaci da halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa mutum ko dukiya, to lamuni yana kansa. Ba su ce ajali ne a tashi ba. Mu kuwa gargaɗinmu ya zo, da ƙusa ya zo, a gaban mutum bakwai.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A watan Maris na 2019 bene ya rufta a Ita Faji cikin tsibirin Legas, da makarantar yara a samansa, kusan mutum 20 suka rasu, da yawansu ɗalibai. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo a Jos ana tsakiyar karatu, sama da mutum 20. Kada kuma a ce abin na talakawa ne: dogon benen nan mai hawa 21 da ya zube a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 na masu kuɗi ake ginawa, ya ci mutum sama da 40, har da mai ginin kansa. Wannan na ƙarshen yana tsorata ni ta wata fuska. Ashe mutum yana iya tsayawa a ƙarƙashin abin da ya gina da cikakkiyar natsuwa. Saboda haka cewar Yaya “ni kaina zan iya kwana a ciki” ba hujja ba ce. Kankare bai san niyya ba.

Sai dai zan yi wa Yaya adalci, don akwai maganganunsa biyu da ban iya turewa da sauƙi ba. Ta farko tsada. Ga Ewekoro da Shagamu da Ibese duk a nan jihar Ogun kusa da mu, ga Obajana a Kogi, amma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, rodi kuma ba a magana. Ga yaranmu suna ta sauka daga Arewa, 'yan okada da 'yan dako da masu tura baro, suna kwana a barandar shaguna da cikin masallatai, ruwa yana dukansu. Ya ce, in kowa sai ya yi ginin injiniya, ɗaki nawa za a samu, kuma wa zai iya biyan hayarsa? Ɗaki mai rauni bai fi titi ba? Wannan tambaya ce ta gaske. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, wanda ya kwana a baranda ya san a baranda yake, yana kallon sama yana lissafin hadari. In da za mu rubuta a ƙofar benen cewa bangon ƙasa ne ke ɗauke da shi, mu rage haya, wanda ya yarda ya shiga, da sai mu ce taimako muke yi. Amma ba za mu rubuta ba, kuma dukkanmu mun san dalili.

Ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa a fili ba. Ya ce, “Nan fa ba gida ba ne.” Ya tuna mini Shasha, Fabrairun 2021, yadda mutane suka wayi gari da shaguna da gidaje, kafin dare suna neman wurin fakewa. Wa zai binne miliyoyi a ƙarƙashin ƙasar da ba shi da tabbacin kwanansa a kanta? Na fahimce shi, wallahi na fahimce shi. Amma ku dubi abin da wannan tunani ya haifar mana. Alhazanmu da yawa suna da gida a Kano ko Katsina ko Sakkwato, bulo mai inci tara, rodi ba a ƙirga ba, an tsaya a kan aikin da kai. Gidan yana kulle wata goma sha ɗaya, sai ƙadangaru da mai gadi. Wanda kuwa ke cike da rayuka dare da rana, wanda daga cikinsa kuɗin wancan ya fito, shi ne ake yi wa aikin a-lallaɓa. Mu da aka haifa a nan, aka yanke mana cibiya a nan, iyayenmu suna kwance a maƙabartar nan, har yaushe za mu riƙa gini kamar masu jiran mota? In tsoro ya hana ka zuba kuɗi, to ka gina kaɗan, ka bar shi ƙasa, ka sa kwano. Tsoro yana iya ba ka uzurin ƙin hawa sama. Bai ba ka uzurin ɗora mutane a kan abin da ka san ba zai ɗauke su ba.

Mijin wata ƙanwarmu ya kawo tasa dabara: a toshe ramin ƙusar, a sake filasta, a yi fenti mai kyau, a sayar wa masu sayen gidaje suna jujjuyawa, su san yadda za su yi. Wannan ba ta daɗe a tebur ba. Hajiyarmu, wadda ba ta sa baki tun farko, ta ce daga bayan labule, “In za ku sayar, ku kai mai sayen kusurwar zauren ku nuna masa.” Aibin da mai sayarwa ya sani wajibi ne ya bayyana, wannan ko yaron makarantar allo ya ji. Da aka cire ɓoyewar, sai aka ga ribar da ake hange ta tafi tare da ita.

Yanzu dai ga inda muke. Biyar cikin bakwai suka yarda a bi maganar injiniya a hankali, yadda kuɗi ya samu. Shagunan biyu an fasa, da linta ta gaske a kansu, hayarsu ce ke sayen rodi. Ginshiƙi goma sha huɗu ake bukata, mun tayar da shida. Ni ke ba su ruwa bayan sallar Asuba da kuma kafin Magariba, na naɗe su da tsofaffin buhuna don su riƙe danshi, yaran layi suna mini dariya wai ina kiwon siminti. Yaya ya janye nasa kason ya tura Kano. Muna gaisawa, amma ba kamar da ba.

Abin da ya hana ni barci yanzu ba gidanmu ba ne. Wani maƙwabcinmu, gidansa sa'an namu ne, hannu ɗaya ya gina su a zamanin kakanni, ya zuba nasa dekin a bara cikin wata biyu. Ɗakuna takwas, duk an kama. Da daddare ina ganin fitilunsu daga tsakar gidanmu, ina jin yaran suna shigar da baburansu zaure. Na yi masa magana sau ɗaya a ƙofar masallaci, a keɓe, ya ce ya ji, ya gode. Su 'yan hayan kuwa muna haɗuwa kullum wurin mai shayi, ban ce musu komai ba tukuna.